"Wasan Yara" da ya hana yara barci

A hutun makarantar da ya wuce na dawo gida da daddare, na tarar da 'ya'yan ƙanwata biyu sun dunƙule a kujera, sun ƙi shiga ɗaki. Na tambayi uwarsu ko lafiya, ta ce, "Wallahi Yaya, sunan fim ɗin na gani, na ɗauka na yara ne." Ashe Child's Play ta kunna musu, wato "Wasan Yara", fim ɗin Amurka na 1988 inda ruhin wani makashi ke shiga jikin 'yartsana mai suna Chucky, ta dinga kashe mutane. Kwana uku ƙaramin bai yarda ya kwanta kusa da kayan wasansa ba.

Wannan ya sa na koma ina bin finafinan ban tsoro ɗaya bayan ɗaya, ina gwada suna da abin da ke ciki. Sai na ga sau da yawa ba su haɗa hanya ba.

Ga The Texas Chain Saw Massacre na 1974, wanda Tobe Hooper ya shirya. Sunan na nufin kisan kiyashi da zarton inji a jihar Teksas. Amma cikin matasa biyar da suka faɗa hannun makasan, huɗu ne suka mutu, kuma ɗaya tak aka kashe da zarton. Jinin ma kaɗan ake nunawa, ƙarar injin da ihu ne ke tayar da hankali.

Wani lokaci suna kan riga labari zuwa duniya. Sean Cunningham ya tallata sunan Friday the 13th a mujallar Variety tun ba a gama rubuta labarin ba. Da fim ɗin ya fito a 1980, Jason da kowa ya sani yanzu ma ba shi ne mai kisan ba, mahaifiyarsa ce. Shi kuwa Troll 2 na 1990, babu irin dodon da sunan ya ambata ko ɗaya a ciki. Masu rarraba shi ne suka laƙa masa sunan don ya ci albarkacin wani fim na 1986 da ba su da wata alaƙa.

Mu a Gana wannan ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya taso a zango a shekarun 1980 da 1990 zai tuna gidajen bidiyo da hotunan talla da ake zanawa da hannu a buhun fulawa. Mai zane ya ƙara maciji, ya ƙara adda, ya malala jini, mu biya kuɗinmu mu shiga, a gama fim ba mu ga maciji ba. Aikin suna da aikin hoton nan ɗaya ne: su jawo mai kallo ya ciro kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu suna mai sanyi. Mai suna mai zafi aƙalla ya gargaɗe ka, in ya yi ƙarya kuɗinka kawai ya ci. Amma dubi Audition na Japan, 1999: suna kamar gwajin 'yan wasa, farkonsa kamar labarin mutumin da matarsa ta rasu yana neman aure, ƙarshensa azabtarwar da babba ma sai ya kau da kai.

Yanzu da fim ke shigowa ta waya da intanet, babu mai tsaron ƙofa sai mu iyaye. Kafin a danna, a duba alamar shekarun da aka rubuta wa fim ɗin, a karanta taƙaitaccen labarinsa, minti biyu ya isa. Ƙanwata dai ta ɗauki darasi. Jiya ma ta turo mini sunan wani fim tana tambaya, "Yaya, wannan fa, 'yartsanar cikinsa tana da wuƙa?"