Amurka: a garuruwan ƴan ritaya, gida naka ne amma sauya rufi sai da izini

A ƙasar Amurka akwai garuruwa da unguwanni da aka gina musamman domin dattawan da suka ajiye aiki. Mutum yakan sayar da gidansa na birnin da ya yi aiki, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi ƙaramin gida a inda babu sanyi mai tsanani, galibi a jihohin Florida da Arizona. Gidan nasa ne halak malak, da takardunsa a hannu. Sai dai ranar da rufin ya tsufa ya fara yoyo, a nan mai gida zai gane cewa ba shi kaɗai ke da ta cewa ba. Akwai kwamitin unguwa mai duba launi da fasali, akwai hukuma da dokarta ta gini, ga kuma kamfanin inshora. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin ukun nan yana iya biyan kuɗin rufi sau biyu.

Garuruwan da yara ba sa zama

Wanda ya fi suna cikin na farko-farko shi ne Sun City, kusa da birnin Phoenix a jihar Arizona. Wani attajirin magini mai suna Del Webb ne ya buɗe shi ranar 1 ga Janairun 1960, kuma a yau mazaunansa sun kusa dubu 40. A jihar Florida kuwa akwai The Villages, wanda ya faro a shekarun 1970 a matsayin filin ajiye gidajen tafi-da-gidanka, sannan ya bunƙasa. Ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna cewa yankinsa ne ya fi kowane yankin birni a Amurka saurin ƙaruwar jama'a cikin shekaru goman da suka gabace ta.

Dokar Amurka ta hana a ƙi sayar wa mutum gida ko ba shi haya don yana da ƙananan yara. Amma wata doka ta 1995 ta ware irin waɗannan garuruwa, bisa sharaɗin cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na gidajen da ake zaune a ciki suna da mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye. A The Villages wanda bai kai shekara 19 ba ba ya zama dindindin. Jikoki sukan zo ziyara, amma kwanakinsu ƙidayayyu ne, 30 a shekara.

Sharuɗɗan da ke bin gida

Tun lokacin da kamfani ya yanka fili ya gina gidajen, yakan rubuta sharuɗɗa ya yi rajistarsu tare da takardar mallakar kowane gida. Sharuɗɗan suna bin gidan ne, duk wanda ya shiga. Wanda ya saya daga hannun mai gidan farko sun hau kansa, haka ma ɗan da ya gada. A ciki ake fayyace irin fentin bango, tsawon shinge, inda za a ajiye mota, har da abin da aka yarda a kafa a ƙofar gida. Rufi na cikin manyan abubuwan da ake sa wa ido, domin shi ne ake fara hangowa daga titi.

Hujjar masu tsarin ita ce darajar gida. Ga yawancin dattawan nan, gidan shi ne babbar dukiyar da ta rage musu, da shi za su biya kuɗin jinya in tsufa ya yi nisa, shi ne kuma za su bar wa magada. Suna ganin idan kowa ya rufa abin da ya ga dama, unguwa za ta yamutse, farashin gidaje ya faɗi.

A mafi yawan irin waɗannan wurare ƙungiyar masu gidaje ce ke kula da sharuɗɗan, kuma shiga cikinta dole ne ga duk wanda ya sayi gida. A The Villages tsarin ya ɗan bambanta: an raba garin zuwa gundumomi na musamman masu zaɓaɓɓun wakilai, akwai kuma kwamitin duba fasalin gini da mazauna garin ke zama a cikinsa. Ko a ina ne dai hanyar kusan ɗaya ce. Kafin a taɓa wani abu da ake gani daga waje, mai gida zai cika takarda ya faɗi irin kayan da zai sa, da kamfanin da ya yi su, da launinsu, sannan ya jira amsa a rubuce. A unguwannin ƙananan gidaje masu kama ɗaya, launukan da aka yarda da su ba su da yawa, wani wurin ma ɗaya ne tak.

Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce, launin da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce wataƙila kamfani ya daina yin sa. Ɗan kwangila sai ya kawo wanda ya ga ya yi kama, mai gida ya amince, a rufa. Idan maƙwabci ya kai ƙara kuma kwamiti ya ga launin ya saɓa, ana iya umartar mai gida ya sake rufin da kuɗinsa. A Florida, dokar ƙungiyoyin masu gidaje ta ba da damar cin tarar dalar Amurka 100 a kowace rana har ta kai 1,000, sai fa in takardun unguwar sun tanadi fiye da haka. Amma dole a ba mutum sanarwar kwana 14, kuma wani kwamiti na aƙalla mutum uku da ba sa cikin shugabannin ƙungiyar ya saurare shi kafin tarar ta tabbata.

Abin da guguwa ta koya wa hukuma

Rufin yawancin gidajen nan ba kwano ba ne irin wanda muka saba gani, wato tol. Ana shimfiɗa allunan katako, a sa musu wata shimfiɗa mai hana ruwa, sannan a jera ƙananan falle-falle da aka yi da kwalta da tsakuwa, kowane yana hawa kan na ƙasa da shi kamar ɓawon kifi. Shi ne mafi araha, amma zafin ranar Florida da ruwan samanta sukan cinye shi cikin shekara 15 zuwa 20. Sake shi ko a ƙaramin gida yakan wuce dalar Amurka dubu 10, wato sama da miliyan 5 na kuɗin CFA. Rufin ƙarfe da na fale-falen siminti sun fi daɗewa, sun kuma fi tsada nesa ba kusa ba.

Kwamitin unguwa kyan gani yake dubawa, hukuma kuwa ƙarfin rufin. A watan Agustan 1992 guguwar Andrew ta faɗa wa kudancin Florida ta rusa dubun-dubatar gidaje, bincike kuma ya nuna cewa da yawa daga cikinsu ta rufi ɓarnar ta fara. Wannan ya sa jihar ta fito da dokar gini guda ɗaya ga kowa, wadda ta fara aiki a 2002. Yanzu wanda zai sake rufi sai an karɓa masa izinin gini daga hukumar gari ko ta gunduma, a ƙara wa allunan katakon ƙusoshi in na dā ba su cika ƙa'ida ba, a sa shimfiɗar hana ruwa yadda doka ta ce, sannan jami'i ya zo ya duba aikin kafin a rufe takarda.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta daɗe tana ɗaga wa masu gidaje hankali: idan gyara ya shafi fiye da kashi 25 cikin 100 na rufin cikin wata 12, to sai an sake shi gaba ɗaya bisa sabuwar doka. A 2022 majalisar jihar ta sassauta: rufin da aka yi bisa dokar gini ta 2007 ko wadda ta biyo bayanta, wurin da ya lalace kawai za a gyara.

Kamfanin inshora ke sa rana

Sau da yawa ba yoyo ne ke tilasta wa dattijo sake rufi ba, wasiƙar kamfanin inshora ce. Wanda ya sayi gida da bashin banki dole ne ya riƙe inshora, wanda ma ba shi da bashi da wuya ya zauna babu ita a jihar da guguwa ke ziyarta kusan kowace shekara. A ƴan shekarun nan kamfanoni sun riƙa ƙin sabunta wa gidajen da rufinsu ya kwana biyu, ko da ɗigo ɗaya bai taɓa sauka a ɗaki ba.

Wani ɓangare na dalilin shi ne ƴan kwangilar da ke bin gida-gida suna yi wa tsofaffi alkawarin sabon rufi kyauta. Sukan ce sun ga ɓarnar iska ko ta ƙanƙara, su sa mai gida ya miƙa musu haƙƙinsa na karɓar diyya, sannan su maka kamfanin inshora a kotu. Alƙaluman da hukumar inshorar jihar ta fitar sun nuna cewa a 2019 kimanin kashi 8 cikin 100 na buƙatun diyyar gidaje a Amurka ne suka fito daga Florida, amma kimanin kashi 76 cikin 100 na shari'o'in da ake yi a kansu a can suke. Kamfanoni da dama sun durƙushe, wasu sun bar jihar, kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi.

A 2022 majalisa ta shiga tsakani. Ta hana kamfani ƙin ba da inshora don shekarun rufi kawai idan rufin bai kai shekara 15 ba. Idan ya kai, mai gida na da damar ɗauko ƙwararre ya duba, in ya tabbatar cewa rufin zai ƙara aƙalla shekara 5, shekarunsa kaɗai ba za su zama hujjar kora ba. An kuma haramta miƙa wa ɗan kwangila haƙƙin diyya a yarjejeniyoyin inshorar da aka ƙulla daga farkon 2023.

Inda doka ta ja wa kwamiti birki

An sha samun saɓani inda mai gida ke son rufin ƙarfe don ya fi jure iska, kwamiti kuma ya ce bai dace da fasalin unguwa ba. A 2024 Florida ta yi dokar da ta tilasta wa ƙungiyoyin masu gidaje su rubuta ƙa'idojinsu na kariya daga guguwa, har da irin rufin da dokar gini ta amince da ƙarfinsa, ta kuma hana su ƙin buƙatar da ta cika ƙa'idojin. Launi da salo dai har yanzu suna hannunsu. Haka nan dokokin Florida da Arizona duk sun hana ƙungiya haramta wa mutum ɗora farantan sola a kan rufinsa.

Mai gidan da ke son tsira da kuɗinsa yakan bi abin daki-daki. Zai fara karanta sharuɗɗan unguwarsa, ya nemi jerin launukan da aka amince da su a yanzu, ya karɓi farashi daga ƴan kwangila biyu ko uku masu lasisin jiha. Bayan haka ya kai takardarsa kwamiti, kuma ba zai bari a sauke kaya a ƙofarsa ba sai amsa ta zo a rubuce. Kafin ya biya kuɗin ƙarshe zai tabbatar jami'in hukuma ya sa hannu, ya kuma karɓi shaidar cewa an biya masu kayan gini da ma'aikata. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin a dokar Florida wanda ya kawo kaya ba a biya shi ba yana iya ɗora bashin a kan gidan, ko da mai gida ya riga ya sallami ɗan kwangila.

Ga dattijon da ke rayuwa da fansho, wanda kuɗinsa na wata ba ya ƙaruwa yadda farashin kaya ke ƙaruwa, sake rufi na daga cikin manyan kashe kuɗin da suka rage masa a rayuwa. Sharuɗɗan da suka sa unguwarsa ta yi kyau har ya yi sha'awar saye, su ne ke jiran sa ranar da zai yi gyara. Shi ya sa a waɗannan garuruwa mai neman gida kan tambayi shekarun rufi, ya nemi a ba shi takardar sharuɗɗa ya karanta, tun kafin a zauna maganar ciniki.