Daren Bayan Kara

A wani daren Asabar cikin watan Maris na 2024, jama'a suka yi dafifi a unguwar Bayan Kara da ke Birnin Kebbi, suka fasa rumbun ajiyar abinci na gwamnatin jiha. Jami'an tsaro sun harba barkonon tsohuwa, amma taron ya fi ƙarfinsu. Aka yi ta fitowa da buhuna, wani a ka, wani a kafaɗa. Wata babbar mota da ta lalace ɗauke da hatsin rabo ita ma aka yashe ta. Daga nan ɓarnar ta tsallaka zuwa shaguna da sito na 'yan kasuwar wurin, bayin Allah da ba su ji ba, ba su gani ba. Da gari ya waye, gwamnatin Gwamna Nasir Idris ta ce aikin ɓata-gari ne.

A farkon watan an yi irin wannan a Abuja. Amma na Kebbi ya fi taɓa zuciya, domin jiha ce da aka shekara takwas ana nuna wa duniya a matsayin rumbun shinkafar Najeriya.

Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi da kansa ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda ake kira Anchor Borrowers. Godwin Emefiele ne gwamnan bankin, Atiku Bagudu ne gwamnan jiha. Tsarin shi ne a ba ƙaramin manomi iri da taki da maganin feshi da injin ban ruwa, in ya girbe ya biya da shanshera, kamfanin casar shinkafa ya saye. Fadamar Rima ta cika da mutane tun daga Argungu har Suru, rani da damina. A Disambar 2016 shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa, buhu mai kilo 50 naira 12,000. A Agustan 2017 Yemi Osinbajo ya buɗe katafaren kamfanin WACOT a Argungu, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. A 2019 aka rufe iyakokin ƙasa don a tare shinkafar waje. A 2021 aka tayar da dalar shinkafa a Zauro, manyan baƙi suka zo suka ɗauki hoto.

Wa ya yi aikin da ya tayar da wannan dala? Duk wanda ya taɓa shiga fadama cikin sanyin Janairu ya san amsar. Samari ne ke tsaye cikin taɓo suna dashe. Su ke kwana gindin inji suna ban ruwa, su ke korar tsuntsu, su ke yanka da bugu da dakon buhu zuwa bakin mota. Da yawansu gonar ba tasu ba ce, ƙodago suke yi. Kuma tun shirin yana da ɗuminsa manoma ke kuka cewa akwai masu karɓar bashin da ba su san hanyar gona ba. Kuɗin da aka fitar a faɗin ƙasa sun haura naira tiriliyan 1, kaso mai yawa bai dawo ba. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahotonta na talauci a 2022, sai ga sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen Kebbi cikin talauci.

Sannan 2023 ta zo da masifa biyu a jere. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin kwanaki, ta haura 600 a Yuli. A birni wannan kuɗin mota ne. A fadamar Argungu kuwa kuɗin ruwa ne, domin injin ban ruwa fetur yake sha, shinkafar rani kuma ba ta haƙuri da ƙishi. A ƙarshen Yulin sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Nijar, aka rufe iyakar Kamba, cinikin da ya haɗa Kebbi da Dosso tun kaka da kakanni ya tsaya cik. Kafin azumin 2024 buhun shinkafa ya haura naira 70,000, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin 30,000 ne. Yaron da ya dasa ta da hannunsa ya koma ba ya iya sayen kwano ɗaya.

A wannan shekarar ta 2023 da naira ta faɗi, manyan bankuna suka ci ribar da ba su taɓa gani ba. Zenith da UBA kowanne ya bayyana ribar da ta haura naira biliyan 700 kafin haraji, kaso mai tsoka daga canjin kuɗi. Abin ya kai har gwamnati ta sa musu haraji na musamman a 2024. A Kano, hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha da Muhuyi Magaji Rimingado ke shugabanta a lokacin ta garƙame wasu rumbuna a Dawanau cikin Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye kayan abinci. Matasa suna ganin wannan duka a wayoyinsu.

Ban yarda da fasa shagon kowa ba. Ɗan kasuwar Bayan Kara da aka kwashe wa jari shi ma talaka ne, wani da bashi ya saro kayan, kuma haƙƙinsa yana wuyan wanda ya ɗauka. Amma akwai wata magana da ake yi a majalisun dattawa wadda ita ma ban yarda da ita ba: wai yaran zamani son banza gare su, ba sa son wahala. Tun a 2018, a Landan, Buhari ya faɗi makamancin haka, cewa matasa da yawa suna son su zauna a ba su gida da magani da ilimi kyauta. Tun daga nan ake ta jifansu da cima-zaune.

A tuna fa, masu wannan magana su ne suka mori ƙasar nan. Su aka buɗe wa firamare kyauta a 1976. Su suka yi jami'a ana dafa musu abinci da rangwame, aiki yana jiransu kafin su gama. Da aka ƙara musu kwabo 50 a kan kuɗin abinci a 1978, titi suka fita suna neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya Ahmadu Ali, har aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya. A Janairun 2012, da Goodluck Jonathan ya kai lita daga naira 65 zuwa 141, Tinubu yana cikin waɗanda suka soki matakin a fili. Gwamnan Kebbi kansa tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ya san yajin aiki ciki da waje. Da wane baki za a ce wa yaro kukansa rashin kunya ne?

Ranar 1 ga Agusta, 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke, kuma a Arewa ta fi zafi. An yi ɓarna, an sa dokar hana fita a Kano da Kaduna da wasu jihohi. Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24. 'Yan sanda sun musanta. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗanda aka kama a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bayan kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Cikinsu akwai yara ƙanana, a rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka yanka wa kowa belin naira miliyan 10. Sai da ƙasa ta ɗauki ɗumi Tinubu ya ce a sake su, Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna.

Maganin da gwamnati ta kawo wa tsadar shi ne ta janye harajin shigo da hatsi daga waje na kwana 150. A 2025 farashin shinkafa ya sauko, mai saye ya ɗan numfasa. Amma shanshera ta faɗi a hannun manomi, taki bai sauko ba, manoma da dama suka rage noman shinkafa. Idan mai gona ya rage fili, ɗan ƙodago yake fara sallama, wato saurayin nan da aka ce ba ya son aiki.