Intanet ɗin Gida Ba Rijiyar Unguwa Ba Ce

Tun da Starlink ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023, na'urorin wayfai na MTN da Airtel kuma suka cika shaguna, wata ɗabi'a ta kunno kai a unguwanninmu. Magidanci zai sayo na'ura, ya biya kuɗin wata, shi ke nan ƙofar gidansa ta zama majalisa. Bayan isha'i ka ga samari jere a kan dakali, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Wani har takarda yake mannawa a bangon zaure: naira kaza na yini, naira kaza na mako. Kafin wata ya raba, saƙon murya ma da ƙyar yake tafiya, sai maigida ya hau kumfar baki wai kamfani ya cuce shi.

To Malam, sharuɗɗan da ka danna ka amince da su ranar da ka yi rajista, ka karanta su? Yawancin tsare-tsaren da ake tallatawa da sunan "mara iyaka" suna da ƙa'ida: in ka cinye wani adadi na data, sai a rage maka gudu har wata ya zagayo. Wasu kuma tun farko an ƙayyade gudun. Starlink ya haramta sayar wa wasu da sabis ɗin gida ba da izininsa ba, kuma yana iya rufe asusun wanda ya karya wannan sharaɗi. Ban da haka, sayar wa jama'a intanet sana'a ce da ke buƙatar lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Kai da ka zuba ɗaruruwan dubban naira a farantin Starlink da na'ura, me zai sa ka jefa su cikin haɗari don 'yan canji?

Mu yi lissafi. Bidiyo mai tsabtar hoto na iya cin gigabait 3 a awa guda. Mutum 10 su kalli ƙwallo ko fim na awa 2, gigabait 60 sun tafi a dare ɗaya. Ga wayoyin suna sabunta manhajoji a ɓoye, ga masu sauke fina-finai su tafi da su gida.

Babban sakacin yana wajen lambar sirri. Ka bai wa ɗan maƙwabci saboda kunya, shi ya bai wa abokinsa, aboki ya bai wa mai shayi. Wasu ko canza lambar da ke manne a bayan na'urar ba sa yi, wasu kuma lambar wayarsu suke sakawa, wadda kowa ya haddace. Kuma a sani, in wani ya yi damfara ta layinka, sunanka ne a rajista, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Don haka a canza lambar yau, a riƙa sauya ta lokaci-lokaci. A shiga manhajar na'urar a duba wayoyin da ke haɗe, baƙuwa a toshe ta. In taimakon maƙwabta ake so, a buɗe musu layin baƙi daban. Mai son ya yi sana'a da intanet ya nemi tsarin kasuwanci da izini.

Kafin ka biya kuma, ka tambayi mai sayarwa: gigabait nawa zan ci kafin a rage gudu, kuma zuwa nawa za a rage? In kamfani ya saɓa abin da ya rubuta, ka fara kai masa ƙorafi. In ya yi biris, ka kira NCC kyauta a 622.