Zinariyar da ido ba ya gani

A Ƙofar Dumi da ke Bauchi, zinariya adon amare ce. Masana kimiyya kuwa gauraya ta suke yi da azurfa, su dasa ƙwayoyinta cikin siririn gilashi, kowace ƙwaya ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashi ba. Gwargwadon yawan azurfar, launi kan tashi daga ja zuwa rawaya, kuma ana amfani da irin waɗannan ƙwayoyi wajen ƙera na'urorin gano cuta. Akan auna ƙwayoyin da madubin ilektron mai ɗan karen tsada. Samar da shi ga jami'o'i irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa na hannun TETFund da masu tsara kasafi a Abuja.