Fenti Nawa Zai Ishi Ɗakinmu?

Wata shekara muka yi niyyar gyara ɗakin baƙi a gidanmu. Maigida ya duba bango da ido, ya ce galan ɗaya ya isa. Kafin la'asar fenti ya ƙare, ga bango ɗaya da rabi ba a taɓa ba. Da aka koma kanti aka sayo wani galan mai suna iri ɗaya, amma da ya bushe sai muka ga launinsa ya ɗan fi na farko duhu. Baƙi suka zo suka tarar da ɗaki kamar riga mai faci. Tun daga ranar muka koyi yin lissafi kafin mu fitar da kuɗi.

Lissafin ba shi da wuya. Abin da ake bukata shi ne tef na awo, da fensir, da takarda. In babu tef, a tuna mita 1 wajen ƙafa 3 ne da inci 3.

Bari mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi mita 3, tsayin bango kuma mita 3. Da farko a auna kewayen ɗakin: 4 da 3 da 4 da 3, ya zama mita 14. Sai a ninka da tsayin bango: 14 sau 3 ya ba mu 42. Wato bangon nan huɗu murabba'in mita 42 ke nan.

Amma ba a shafa wa ƙofa da taga fentin bango, don haka sai a cire su. Ƙofa ɗaya wajen murabba'in mita 2 ce, taga matsakaiciya kuwa wajen 1 da rabi. Ɗakinmu yana da ƙofa 1 da taga 2, jimla 5 ke nan. A cire 5 daga 42, saura 37.

To, shafi ɗaya ba ya rufe bango sosai, sai an bi sau biyu. Saboda haka 37 sau 2 ya zama 74. Lita 1 ta fentin ruwa mai kyau takan rufe wajen murabba'in mita 10 a bango mai santsi. A raba 74 da 10, za a sami lita 7 da kusan rabi. A ƙara kaɗan domin abin da zai zube da wanda buroshi zai sha, ya zama lita 8. Gwangwanin da ake kira galan a kasuwa lita 4 ne, ashe galan 2 muke bukata. In ɗakuna 3 ne irin wannan, lita 24 ke nan: bokiti 1 mai lita 20 da galan 1, kuma sayen bokiti yakan fi sauƙi.

Silin lissafinsa dabam ne: tsawo sau faɗi, 4 sau 3, wato 12. Shafi biyu 24, bai kai lita 3 ba. Galan 1 na fari ya isa har da saura.

Sai dai bango suna da hali iri iri. Sabon filasta yana shan fenti kamar busasshiyar ƙasa da ruwan fari, don haka a lissafa masa shafi uku. Ɗakin nan namu zai ci galan 3. A kuma bar shi ya bushe kamar mako 4, in ba haka ba fenti zai kumbura ya ɓare. Bango mai kaushi, da mai duhun launi da ake so a mayar fari, su ma suna cin ƙari. Kullum a karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani, gama kowane kamfani yana faɗin iyakar abin da fentinsa ke rufewa.

Kada a yarda a cika wa fenti ruwa don ya yalwata. Araha ba ta ado: bayan 'yan watanni zai koɗe, ya riƙa bin rigar yara. A sayi dukan fentin a rana ɗaya, in gwangwani biyu ne a juye su cikin bokiti guda a gauraya, launi zai zama ɗaya. A zaɓi ranar da babu ruwan sama ko ƙurar hunturu, a bar tagogi a buɗe.

Ga gargaɗi domin iyaye. Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. In za a kankare shi, a jiƙa wurin don kada ƙura ta tashi, a nisantar da yara da mata masu ciki, a goge ƙasa da tsumma mai ruwa.

Ku ba yaranku 'yan makaranta tef su auna, su yi lissafin da kansu. In mai fenti ya zo da nasa lissafi, ku zauna ku gwada da naku cikin mutunci. Takardar nan za ta tsare aljihunku, ta kuma hana zargi tsakaninku da shi.