Lissafin da yaro yake bukata kafin ya shiga ajin fizik yana nan a bakin kasuwa

Iyayenmu mata da ƴan'uwanmu ƴan kasuwar Diffa, idan watan Oktoba ya kama, yaran da suka ci jarrabawar BEPC sukan shiga lise, wasu seconde A, wasu seconde C. Wanda ya shiga C, a Lise Idriss Alaoma ko wata makaranta, fizik ce take tarbarsa tun daga bakin ƙofa. Sau da yawa kafin a kai hutun farko sai ya dawo gida da maki 5 ko 6 bisa 20, yana cewa fizik ta fi ƙarfinsa. Uwa kuma ta riga ta zuba kuɗin littattafai da na kaya, ga fargabar maimaita aji.

To mu dai a ganinmu, ba fizik ce take kayar da yawancin yaran nan ba. Lissafi ne, kuma rabinsa kuna yin sa da ka kowace safiya.

Mu fara da dala. Mai saye ya ce zai ba da 750, ke kuma nan take kin san dala ɗari da hamsin ke nan, domin kin raba da 5 ba tare da alƙalami ba. Wannan shi ne canza ma'auni, kuma babu abin da ya kai shi cin makin yara. Direba yana auna gudun mota da kilomita a awa, malamin fizik kuwa mita a sakan yake so. Motar da take gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 72,000 cikin sakan 3,600, wato mita 20 kowane sakan. Wani tarkon kuma shi ne awa ɗaya da rabi. Yaro sai ya rubuta 1,30 saboda haka agogo yake nunawa, alhali 1,5 ne, tun da minti 30 rabin awa ne. Kuskuren nan kaɗai ya isa ya rushe amsa baki ɗaya, ko da ya haddace darasinsa tsaf.

Haka abin yake a gonakin tattasai na bakin Komadugu, kogin da ya taso daga ruwayen Haɗeja da Jama'are a Najeriya ya faɗa tafkin Chadi wajen Bosso. Injin ban-ruwa da yake zuba lita 10 a sakan zai zuba lita 36,000 a awa guda. A littafin fizik za a kira wannan mita kib 36, domin mita kib ɗaya lita 1,000 ce. Manomin da yake sayen mai da kuɗinsa ya san awa nawa zai kunna inji kafin fage ya sha. Ɗansa ne yake rikicewa, don an rubuta masa abin da Faransanci.

Sai na biyu, wanda a lekol ake kira règle de trois. Idan tiya 3 ta tashi 4,500, nawa ce tiya 7? Kowace mai awo za ta ce tiya ɗaya 1,500 ce, bakwai kuma 10,500. Masu canjin naira da sefa ma da shi suke cin abinci. A fizik, nauyin kaya haka yake tafiya: kowane kilo ana ninka shi da kusan 10 a samu newton, don haka buhu mai kilo 50 ya kai wajen newton 500, mai kilo 100 kuma ninki biyu.

Inda ya kamata mu daɗe shi ne wajen haruffa, domin nan ne tsoro yake shiga. Malam ya rubuta U = R × I a allo, ya ce a nemo I, sai aji ya yi tsit. Amma ku duba: kuɗin da aka biya shi ne farashi sau yawan kaya. Idan kin san kuɗin da ke hannunki, kin kuma san farashi, yaya za ki san yawan tiyar da za ki samu? Ki raba kuɗin da farashi. Shi ke nan, I shi ne U a raba da R. Harafin nan ba aljani ba ne, lamba ce da ba a sani ba tukuna. Masu batirin sola a shago suna iya gwada yaransu da wannan: ƙarfin wuta shi ne bolt sau amfiya, to na'ura mai cin wat 60 a kan batir mai bolt 12 amfiya nawa take ja? Amsa 5. Yaron da ya tsaya yana neman wace dabara aka haddace masa, maimakon ya raba 60 da 12, shi ne yake bukatar taimako tun yanzu.

Ko dokar Pythagore da ake koyarwa a kwalej, magina sun san ta da igiya. Idan gaɓar kogi ta yi tsawon mita 3, aka ja baya mita 4, tiyon da zai haɗa ruwa da sama mita 5 ne.

Sai dai kada mu yaudari kanmu, kasuwa ba ta koyar da komai ba. Lambobin da ke ƙasa da sifiri, da ninkin goma-goma irin 10³ da 10⁻³, da sinus da cosinus, da karanta zanen da ke nuna yadda gudu yake hawa da sauka, waɗannan sai a zauna da littafin troisième a maimaita. Ga kuma yaran da karatunsu ya yanke tun daga 2015, lokacin da hare-haren Boko Haram suka tashi garuruwan bakin kogi aka rufe makarantu da dama. Wanda ya rasa watanni a firamare sau da yawa yakan iso lise bai ƙware da rabawa ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Na'urar lissafi da ake sayarwa a tebur tana da amfani, amma ba ta da hankali. Idan yaro ya danna ta ba shi cewa mai keke yana gudun kilomita 900 a awa, zai kwafa ya miƙa wa malam. Ke kuwa da za a ce miki tiyar tattasai dala biyu ce, ai dariya za ki yi. Wannan ƙiyasin kafin a yarda da amsa, malaman fizik suna nemansa ruwa a jallo.

Saboda haka, a hutu ko ranar da babu lekol, a zaunar da yaro ko yarinya a rumfa, a ba su littafin bashi su riƙe. A sa su juya dala zuwa sefa, minti zuwa awa, lita zuwa jarka, su rubuta kowane mataki a takarda tare da sunan ma'aunin a gefen lamba. Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014 ta karkata ne ga ilimin noma da muhalli, kuma mai son karanta aikin gona ko na ruwa a can, ta seconde C hanyarsa take bi zuwa bak C ko D.