Yadda Ake Warware Kuskure A Aikin Gyaran Murya

Almajirin da ya wanke allonsa ya san rubutun nan ya tafi ke nan, sai dai a sake ɗaukar alƙalami da tawada. Alaramma mai rubutu da ka, idan hannunsa ya zame, yakan kankare wurin da aska, amma fa takarda ba ta jure kankara biyu. To, haka sha'anin murya ya kasance shekara da shekaru. Tun da kamfanin AEG ya nuna rikoda mai zare a birnin Balin na ƙasar Jamus cikin 1935, gyaran magana aikin reza ne: ma'aikacin gidan rediyo ya saurara, ya yi alama, ya yanke zaren, kana ya liƙa bakin biyu. Da kaset ya fito a 1963, duk wanda ya ɗauki sabuwar magana bisa tsohuwa ya shafe ta har abada.

Yanzu kuwa a Dutse, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, gidajen rediyo irin su Rediyon Jigawa da Freedom da Horizon sun ajiye reza. Tafsirin watan azumi da tallar 'yan kasuwa duk a kwamfuta ake gyara su, da abin da ake kira manhaja, watau tsarin aikin da ake zuba mata. Akwai Cool Edit, wadda kamfanin Adobe ya saya a 2003 ya sake mata suna Audition. Akwai kuma Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka ƙago a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a shekarar 2000, kyauta ake samunta.

Ga yadda abin yake. Murya tana bayyana a fuskar kwamfuta kamar jerin duwatsu, inda aka ɗaga sauti ya yi tudu, inda aka yi shiru ya kwanta. A ce mai karatu ya yi tari tsakanin aya da aya. Mai gyara ya zo cire tarin, sai hannunsa ya zarce ya gutsure wutsiyar madda, mai wasali shida ta koma huɗu. Kunnen wanda bai yi karatu ba ba zai ji kome ba, amma gardi yana ji zai ce an yi ɓarna. A nan sai mai gyara ya danne maɓallin Ctrl tare da harafin Z, madda ta komo cikakkiya. Ya sake dannawa, gyaran da ya gabaci wannan shi ma ya warware, haka bi da bi har farkon zaman. In ya ga ya wuce gona da iri, a Audacity ta kan Windows sai ya danna Ctrl da Y, abin da ya warware ya sake ƙulluwa.

Ba sihiri ba ne. Manhajar ba ta zubar da abin da aka yanke, ajiye shi take yi a gefe, tana kuma lissafin kowane mataki kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta shiga da fita. Shi ya sa dogon aiki yake cinye wurin ajiyar kwamfuta.

Sai dai fa akwai iyaka, kuma nan ne masu gaggawa ke faɗawa. Idan mutum ya koma baya taki biyar, sa'an nan ya yi wani sabon gyara, ko da ƙanƙane ne, takun nan biyar sun ɓace, ba ya sake samunsu ta gaba. Har wa yau, lissafin nan na zama ɗaya ne. Da zarar an rufe aikin a Audacity, gobe in an buɗe, gyaran ƙarshe kaɗai za a tarar. Don haka mai gyaran da ya san aikinsa ba ya taɓa uwar ɗauka. Kwafenta yake yi ya yi aiki a kai, kamar yadda marubuci ba ya kankare littafin da ya aro don juya. Malamin da ya ba da karatunsa a gyara, ya kyautu ya nemi a ba shi uwar ya adana, domin kalmar "ba" guda in ta faɗi daga jumla, hukunci ya juye, kuma da sunansa maganar za ta yi yawo.

Haka nan dillalin dabino a kasuwar Shuwarin da ya biya kuɗin talla, ya saurari abin tun mai gyara bai tashi daga kujera ba, ya tabbatar da farashi da kwatancen rumfa. In an riga an fitar da ita a MP3, an tura ta WhatsApp, kwafin da ya isa Kiyawa da Birnin Kudu da Ringim ya fita hannun mai gyara, sai dai a biya a yi wata.